Sarrafa Duwatsun Ado na Gilashi Mai Azurfa a Bakin Fitila

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan kira ƙwayoyin da ake shiryawa a zare don ratayawa a wuya ko ɗaurawa a ƙugu da sunan duwatsu, ko da kuwa ba daga dutse aka sassaƙo su ba. Da yawa daga cikin duwatsun wuya da jigidar da ake sayarwa a kasuwanni na gilashi ne. Wannan takarda za ta yi bayani a kan hanya ɗaya ta ƙera irin waɗannan duwatsu, wato aikin fitila, tare da mayar da hankali a kan gilashi mai azurfa. Za a duba asalin sana'ar da kayan aikinta da matakanta, sannan a bayyana dalilin da ya sa azurfa, wadda kowa ya san fara ce, take ba gilashi launin rawaya da shuɗi da kore.

2.0 Asalin Aikin Fitila

Cibiyar wannan sana'a a Turai ita ce birnin Fenis na ƙasar Italiya. A shekarar 1291 hukumomin birnin suka umarci masu narka gilashi da su kwashe tanderunsu su koma tsibirin Murano, saboda tsoron gobara. Daga ƙarni na 16 zuwa na 17 wani reshe na sana'ar ya bunƙasa, wanda ba ya bukatar babban tanderu. Mai aikin yakan zauna gaban fitila mai cin mai ko kitse, yana hura harshen wutarta da zugazugi har ya yi kaifin da zai narkar da bakin sandar gilashi. Daga nan sunan ya samo asali, kuma ya zauna har yau, duk da cewa iskar gas ta maye gurbin fitilar. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sanya fasahar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Duwatsun Fenis sun shigo Afirka ta Yamma ta bakin teku da kuma ta Sahara. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a shekarar 1851, ya lissafa duwatsun ado cikin hajojin Turai da ayari ke kawowa daga arewa. Amma yankin yana da nasa masu gilashin tun kafin haka. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa an narka gilashi a Ile-Ife tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Haka kuma Masaga na garin Bida a ƙasar Nufe sun shahara da yin ƙarau da duwatsu, inda suke naɗa narkakken gilashi a jikin sandar ƙarfe a bakin murhun yumɓu. Wannan naɗi shi ne ginshiƙin aikin fitila ma. Bambancin yana ga irin wutar da ake amfani da ita.

3.0 Kayan Aiki

Na farko shi ne gilashin kansa. Ana haɗa shi da yashi mai tsabta da sinadarin soda, ɗan'uwan kanwa, da kuma farar ƙasa, a narka su a zafin da ya kai wajen digiri 1,400 zuwa 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Mai aikin fitila ba ya yin wannan da kansa. Yakan sayi gilashin a matsayin sanduna masu launi iri-iri, kowace kaurinta kamar na fensir, daga masana'antu irin su Effetre da ke Murano.

Na biyu shi ne bututun wuta, mai kama da na masu walda, wanda ke haɗa iskar gas da iskar oksijin. Yana da makunnai biyu, ɗaya na gas, ɗaya na oksijin. Na uku shi ne tsinken ƙarfe marar tsatsa, wanda kaurinsa yakan kasance milimita 1.6 ko 2.4, kuma shi ne ke barin hudar da zare zai bi. Ana tsoma tsinken a cikin wani kunun yumɓu a bar shi ya bushe, don kada gilashi ya manne wa ƙarfen. Sai kuma awartaki da ɗan faifan garafait na daidaita siffa, da ƙaramin tanderun lantarki, da tabarau na musamman da ke tare hasken rawaya mai kashe ido wanda gilashi ke fitarwa a cikin wuta.

Akwai wata lamba da kowane mai sana'ar yake kiyayewa, wato lambar buɗewa. Gilashi yakan buɗe idan ya ji zafi, ya tsuke idan ya huce. Gilashin Murano mai laushi lambarsa 104, ma'ana sanda mai tsawon mita 1 za ta ƙaru da kusan milimita 1 idan zafinta ya hau da digiri 100. Gilashi mai tauri, irin na kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, lambarsa 33, wato kusan sulusin wancan. Idan aka haɗa biyun a dutse ɗaya, ɗaya zai tsuke fiye da ɗaya wajen hucewa, dutsen ya tsage.

4.0 Matakan Aikin

Mai aiki yakan fara da ɗumama bakin sandar gilashi a can ƙarshen harshen wuta, inda zafi bai yi tsanani ba. In ya cusa ta tsakiyar wutar kai tsaye, bakin zai fashe ya yi tartsatsi. Bayan ta ɗumama sai ya matso da ita, har bakin ya yi ja ya taru kamar ɗigon zuma mai kauri. A ɗaya hannun yana riƙe da tsinken ƙarfe, wanda shi ma ya riga ya ɗumama. Sai ya ɗora narkakken gilashin a jikin tsinken yana murza shi, gilashin yana naɗuwa kamar yadda zare ke naɗuwa a mazari.

Daga nan murzawa ba ta tsayawa. Da zarar hannu ya tsaya, gilashin zai zubo gefe ɗaya, dutsen ya karkace. Zafi da juyi su ne ke mulmula shi. In ana son siffar ganga ko ta ƙwallon dabino ko mai faɗi, sai a danna shi a faifan garafait. Ana yin ado da siraran zaruruwan gilashi da aka ja da awartaki, a ɗiga ɗigo-ɗigo ko a ja layi, a narkar da su su shige jikin dutsen.

Mataki na ƙarshe shi ne kwantar da gilashi. Bayan dutse yakan riga cikinsa hucewa, wannan kuwa yana barin wani ɗauri a ciki wanda ido ba ya gani. Saboda haka ana sa dutsen, tun yana da zafi, a cikin tanderu mai zafin wajen digiri 510 zuwa 520, ya jima a nan, sannan a riƙa rage zafin sannu a hankali na tsawon sa'o'i. Dutsen da ba a yi wa haka ba yana iya fita da kyau, a sayar da shi, bayan mako ko wata ya rabe biyu a wuyan mai shi. Idan ya huce sarai, sai a jiƙa shi a ruwa, a zare tsinken, a wanke yumɓun da ya rage a hudar.

5.0 Yadda Azurfa Ke Ba da Launi

Yawancin launukan gilashi daga ƙarafa suke fitowa: kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe yana ba da shuɗi-shuɗi ko ja, baƙin ƙarfe yana ba da koren kwalba. Waɗannan launuka da wuya su sauya a hannun mai aiki. Azurfa kuwa halinta daban ne. Idan ta narke sarai a cikin gilashi ba ta nuna wani launi. Sai ta taru ta zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda ake auna su da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, sannan launi yake bayyana. Ƙananan ƙwayoyin suna shanye hasken shunayya da shuɗi, sai ido ya ga rawaya. Idan suka ƙara girma da yawa, hasken da suke shanyewa da wanda suke watsawa ya sauya, launin ma ya sauya. Masanin kimiyya Gustav Mie na Jamus ne ya fitar da lissafin wannan al'amari a shekarar 1908.

Masu sana'a sun san aikin tun kafin a san dalilinsa. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin Rumawa na ƙarni na 4, kofin Lycurgus, wanda yake kore idan haske ya faɗo masa ta gaba, ya koma ja idan hasken ya ratso ta bayansa, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke cikinsa. A Masar ta ƙarni na 8 an yi wa gilashi zane da azurfa da jan ƙarfe, a Iraƙi ta ƙarni na 9 kuma aka mayar da dabarar kan tangaran. Turawa sun fara rina gilashin tagogin majami'u da rawayar azurfa a farkon ƙarni na 14. A wannan zamani wasu ƙananan masana'antu, kamar Double Helix da ke Amurka, suna yin sanduna masu azurfa da yawa musamman don masu aikin fitila. Ana sarrafa su ta hanyoyi biyu.

5.1 Tayar da Launi

A wannan hanya zafi da lokaci ne ke aiki. Ana gasa dutsen sosai har gilashin ya washe, alamar ƙwayoyin azurfa sun narke. Sai a fitar da shi daga wuta a bar shi ya huce har jan ya ɓace. A lokacin ne ƙwayoyin suke fara ƙulluwa. Sannan a mayar da shi can ƙarshen harshen wuta a ɗumama shi kaɗan, ƙwayoyin su girma. Launi yakan fara daga ruwan zuma, ya bi ta ja da shunayya, ya kai shuɗi da kore. Duk maimaicin hucewa da ɗumamawa yana tura launin gaba. In aka wuce gona da iri, dutsen ya koma ruwan ƙasa marar haske, sai a sake gasa shi ya washe a faro daga farko. Mai gaggawa ba ya cin ribar wannan gilashi. A nan karin maganar nan ta mai haƙuri yakan dafa dutse ta zo daidai har a lafazinta.

5.2 Fito da Azurfa

A hanya ta biyu irin wutar ce ke aiki. Idan aka rage oksijin ko aka ƙara gas, harshen wuta yakan yi tsawo da laushi, bakinsa ya yi rawaya. Irin wannan wuta tana ƙishin oksijin, saboda haka takan zuƙe shi daga fatar gilashin, ta bar azurfa tsantsa a shimfiɗe a sama. Mai aiki yakan bar dutsen ya ɗan huce, sannan ya gitta shi ta cikin wutar na 'yan daƙiƙoƙi. Shimfiɗar tana da sirantar da ta sa haske ke karyewa a kanta, sai a ga ƙyalli mai launin bakan gizo, kamar na man fetur a kan ruwa ko na gashin ɗawisu. In aka daɗe, ƙyallin ya dushe ya zama ruwan toka. Wuta mai yawan oksijin tana goge shi, a sake gwadawa.

Da yake ƙyallin a sama yake, gogayya da gumi suna iya cinye shi. Don haka sau da yawa ana lulluɓe dutsen da farin gilashi mai garai-garai, wanda ke kare launin kuma ya ƙara masa zurfi. Wurin lulluɓin ne gwaninta take bayyana, domin in harshen wuta ya taɓa ƙyallin kafin a rufe shi, ya tafi.

Wani abin lura shi ne haɗuwar azurfa da gilashi mai launin hauren giwa, wanda ke ɗauke da farar wuta. Duk inda suka haɗu sai baƙin layi ya fito. Wannan shi ne abin da ke sa zoben azurfa ya yi baƙi idan ya daɗe a ajiye. Wasu suna guje wa haɗin, wasu kuwa da gangan suke yin sa don ado.

6.0 Tsada da Lafiya

Sandar gilashi mai azurfa ta ninka ta gama-gari tsada sau da yawa. Saboda haka akan gina cikin dutsen da gilashi mai araha, a shafa mai azurfar a sama kawai, muddin lambar buɗewarsu ɗaya ce. Ta fuskar lafiya kuma, wutar gas da ƙarafan da ke cikin gilashi suna fitar da tururi mai cutar da huhu, don haka wajibi ne wurin aiki ya kasance da na'urar zuƙe hayaƙi da mashigar iska. Garin busasshen yumɓun tsinke ma bai kamata a shaƙe shi ba, shi ya sa ake wanke huda a cikin ruwa. Mai saye kuwa yana iya duba bakin hudar: in yana da kaifi zai yanke zare, in kuma akwai ɗan tsagu kusa da shi, dutsen ba zai yi ƙarko ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ake naɗa gilashi a tsinke, da dalilin kwantar da shi a tanderu, da hanyoyi biyu na fitar da launi daga azurfa. Ɗalibin harshe zai lura da cewa kalmomin wannan fage sun zo wa Hausa ta hanyoyin da hajojin suka biyo. Fitila da murjani daga Larabci suke, azurfa daga harshen Buzaye, gilashi da gas daga Ingilishi, yayin da dutse da ƙarau da jigida tsofaffi ne a bakin Hausawa. Inda babu kalma, kamar a tayar da launi da lambar buɗewa, an bi hanyar siffanta aikin da kalmomin gida. Ɗalibi zai iya gwada waɗannan kalmomi a wurin maƙeran farfaru da masu walda da masu sayar da duwatsu a kasuwar garinsu, ya rubuta abin da su suke cewa, ya kwatanta.