Musayar ɗalibai: kafin ka ɗaure kaya, ka sa a rubuta

Da an ce karatu a ƙasar waje, tunanin yawancinmu sai an sayar da gona ko an jira tallafin gwamnatin jiha. Alhali akwai wata hanyar da ba a cika maganarta ba, wato musayar ɗalibai tsakanin jami'o'i. Ɗalibi yana nan da rajistarsa a jami'arsa, sai ya tafi wata jami'a a waje ya yi zango ɗaya ko biyu, ya dawo ya ƙarasa. Digirin da zai karɓa na jami'arsa ta gida ne.

Shirin da ya fi suna a wannan fage shi ne Erasmus na Tarayyar Turai. An fara shi a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11, a 2014 aka faɗaɗa shi ya koma Erasmus+, kuma tun 2015 jami'o'in Afirka ke iya shiga musayar. Kasafinsa na 2021 zuwa 2027 ya haura Yuro biliyan 26. Wanda aka zaɓa yakan yi daga wata 2 zuwa 12, ba ya biyan kuɗin makaranta a jami'ar da ta karɓe shi, ana kuma ba shi kuɗin tafiya da na zama duk wata. Kada a haɗa shi da Erasmus Mundus, wanda cikakken digiri na biyu ne da mutum ke nema da kansa.

Ƙofar musaya tana cikin jami'arka. Sai akwai yarjejeniya tsakaninta da jami'ar can kafin a tura kowa, kuma jami'arka ce ke tantance ɗalibai ta aika sunayensu. Saboda haka duk wani dillali da ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne, ko da ya nuna maka takarda mai tambari. Je ka ofishin hulɗa da jami'o'in waje ka yi tambaya, in babu shi ka fara da shugaban sashenku.

Inda na fi so a natsu shi ne takardar yarjejeniyar karatu. A cikinta ake jera darussan da za ka ɗauka a can da waɗanda za su maye a nan, sannan kai da jami'arka da jami'ar can ku sa hannu tun kafin tafiya. Turai na auna nauyin darussa da ma'aunin ECTS, maki 30 a zango, 60 a shekara, mu kuwa namu lissafin daban ne. Idan ba a daidaita su a rubuce ba, za ka iya dawowa da sakamako mai kyau a ce maka wani darasin dole bai fita ba, sai ka maimaita. Alkawarin baki daga malami bai isa ba, domin ana canza shugaban sashe, wanda ya gaje shi kuma takarda kawai zai duba. Ko ka isa can ka tarar an soke wani darasi, kada ka canza da kanka, ka rubuto gida a gyara takardar.

Sai lissafin lokaci. Galibin jami'o'in Turai suna buɗewa a Satumba ko Oktoba, zango na biyu kuma wajen Fabrairu. Namu jadawalin yakan goce, musamman a Najeriya inda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ci wata takwas. Ka duba ko tafiyar za ta ci maka jarrabawa. Fasfo ma a yi shi da wuri, don biza tana ɗaukar lokaci, a kuma tanadi ɗan guzuri, domin kuɗin tallafi kan makara a watan farko.

Iyaye, musamman na 'ya'ya mata, suna da hakkin su san inda 'yarsu za ta kwana, da wanda zai tarbe ta, da inda za ta sami abincin halal. Ku yi waɗannan tambayoyin a ofishin jami'a, ku nemi amsa a rubuce, in kun gamsu ku sa mata albarka ta tafi.