Manuka: Ciyawar da Manoma Suka Tsana, Masu Lambu Suka Ɗaukaka

Duk wanda ya murza ganyen gwaba ko ya tauna kanumfari ya san ƙamshin dangin da manuka ta fito daga cikinsu. 'Yar bishiya ce mai ƙananan ganye masu tsini, asalinta Niyu Zilan da kudu maso gabashin Ostireliya. Mutanen Maori na Niyu Zilan ne suka raɗa mata suna, su suka fara magani da ɓawonta da sassaƙa kayan aiki da itacenta. Kyaftin Cook, wanda ya isa Niyu Zilan a 1769, ya riƙa dafa ganyenta a madadin shayi.

Makiyayan Turawa kuwa ba su ga abin so a jikinta ba. Da an sare daji sai ta mamaye fili, don haka aka yi shekaru ana bin ta da gatari da wuta.

Masu lambu ne suka fara yi mata adalci. A daji furenta yawanci fari ne, mai kunnuwa biyar, amma jefi-jefi akan ci karo da mai wani launi. Wata mai jan fure da aka tsinta kusa da garin Kaiapoi na Niyu Zilan, aka kira ta Nichollsii, ta ci kyauta a bajekolin furanni na Landan a 1912. Daga ita aka samu jan da ya cika lambuna yau. A Kalifoniya, masanin tsirrai Walter Lammerts ya haɗa ta da wata mai ninkakken fure, cikin 'ya'yan da aka samu har da Red Damask, mai fure ja wur, ninki kan ninki. Akwai Keatleyi mai manyan furanni ruwan hoda, akwai kuma gajeru da aka sa wa sunayen tsuntsayen Niyu Zilan, irin su Kiwi, waɗanda tukunya ma ta ishe su. Abin da suke so rana ce da ƙasar da ba ta riƙe ruwa.

Daga baya zuma ta ƙarasa aikin. Peter Molan na Jami'ar Waikato ya nuna ƙarfin zumar manuka wajen kashe ƙwayoyin cuta, a 2008 kuma masana a Dresden ta Jamus suka bayyana sinadarin methylglyoxal a matsayin dalili. Yau ana dasa ta a gonakin da aka taɓa ƙone ta.

Sai dai a 2017 wata cutar tsatsa mai kama dangin gwaba ta shiga Niyu Zilan, kuma masu renon tsirrai ba su daina sa ido ba har yanzu.