Kumburin Tumbi: Musabbabinsa da Hanyar Maganinsa

Da wuya a shiga gida a unguwannin cikin birnin Kano a rasa mai kukan zafin ciki da ƙwannafi, abin da jama'a ke haɗawa duka su kira olsa. Sau da yawa kuwa abin bai kai ga gyambo ba, kumburi ne kawai a shimfiɗar da ke lulluɓe da bangon tumbi, wadda ke kare shi daga asid ɗin da yake narka abinci da shi.

An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji. Sai a 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori, wadda ke iya rayuwa cikin asid. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da gangan, tumbinsa ya kumbura, hujja ta tabbata. Wannan aiki ya jawo musu lambar Nobel a 2005. Ana kamuwa da ita galibi tun yarinta, ta gurɓataccen ruwa da abinci, musamman inda gidaje suka cunkushe, rijiya na kusa da masai. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka buga a 2018, ya same ta a jikin kimanin 8 cikin 10 na masu ciwon ciki da aka gwada. Musabbabi na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba da umarnin likita ba.

Ruwan kanwa da madara suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba sa kashe ƙwayar. Kanwa ma tana da gishiri mai yawa, wanda ke cutar da mai hawan jini. Hanyar da ta dace ita ce a je asibiti, kamar na Murtala da ke Ƙofar Mata, a yi gwajin bayan gida ko na numfashi. Idan an sami ƙwayar, likita kan haɗa maganin rage asid, irin su omeprazole, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, na tsawon kwana 14. Wajibi ne a shanye su duka ko da an ji sauƙi, domin yankewa a tsakiya kan sa ƙwayar ta bijire wa magani.

Sauran aiki yana hannun majinyaci. Ya bar taba, ya rage goro da barkono idan suna tayar masa da ciwon, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, kada ya kwanta da zarar ya ci. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Wanda kuwa ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yake ramewa ba dalili, to, kada ya kwana bai ga likita ba.