Idan Hadari Ya Haɗo Ɗalibi Yana Hanyar Lacca

A daren wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya mamaye Maiduguri. Ya shiga Asibitin Koyarwa, ya haye gadoji, har kadoji da macizai suka fice daga gidan zu. Jami'ar Maiduguri ta sanar da rufe makaranta har sai abin da hali ya yi. Rabon garin da irin wannan tun 1994.

Ambaliya mai girman haka ba kullum ba ce. Abin da ke jiran ɗalibi kowace damina yana nan ne tsakanin hostal da ɗakin lacca, kuma a jami'o'i irin su ABU Zariya ko sabon mazaunin BUK tafiyar ba kusa ba ce.

Da an fara yayyafi, sai ka ga ɗalibai sun ruga gindin darbejiya. Nan ne kuwa mafi muni, domin aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo, wutar kuma ta bi ta ƙasa ta kama na kusa. Filin ƙwallo ma haka, rumfar kwano ta mai shayi ita ma ba mafaka ba ce. Sauti yana cin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, saboda haka wanda ya ga walƙiya, ya ji tsawa kafin ya ƙirga 30, hadarin bai wuce kilomita 10 daga inda yake ba. Ya shige gini mai bango, ya jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Ko a ciki, a zare waya daga caji, a jinkirta wanka a famfo. Wayar da ba a jone take ba kuwa ba ta jawo aradu, duk da yadda ake ta yaɗa hakan. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa. A taɓa shi, a danna masa ƙirji idan numfashi ya tsaya, a kira asibitin makaranta.

Ruwa mai gudu shi ne wanda aka fi rainawa. Mai zurfin santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da ƙato, na santimita 30 kuma ya ɗaga ƙaramar mota, balle Keke Napep. A ƙarƙashinsa akwai lambatu marar murfi, wani lokacin har da wayar lantarki da iska ta tsinko.

A nan malamai ma suna da nasu alhakin. Ɗalibin da ya san za a rufe ƙofa ko a yi gwajin ba-zata zai kutsa cikin ruwan ne kawai. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a kai a kai, kuma ɗaga lacca ta rukunin WhatsApp na aji bai fi aikin minti guda ba.

Bayan ruwa ya janye, saura na sha: makonni kaɗan bayan ambaliyar Maiduguri, gwamnatin Borno ta tabbatar da ɓarkewar kwalara.