Yadda Ake Gwada Linux Ba Tare Da An Goge Windows Ba

KEFFI: A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajar Windows 10. Matakin ya shafi masu shagunan buga takardu da ke kewayen Jami'ar Jihar Nasarawa, domin tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, sayen sababbi kuwa sai an kashe kuɗi masu yawa.

Wata mafita ita ce Linux, manhajar kyauta wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 1991. Akan ɗora nau'inta na Ubuntu a kan filashi, a tayar da kwamfuta da shi domin gwaji. Idan an gamsu, sai a raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, ta yadda duk lokacin da aka kunna ta za a zaɓi manhajar da ake so.

Sai dai wajibi ne a kwafe takardun abokan ciniki tukuna, domin ɗaukewar wutar lantarki ana tsakiyar rabon na iya salwantar da su. Haka kuma CorelDRAW ba ya aiki kai tsaye a kan Linux, don haka masu zanen katunan biki za su ci gaba da buƙatar ɓangaren Windows.