Dashen gaɓoɓi biyar a lokaci guda: abin da bidiyon TikTok ba ya nuna maka

Kana cikin latsa waya sai ka ci karo da bidiyo: an cire wa wani tumbi, hanta, ƙaramin hanji da fankiriyas, gaɓar nan mai samar da insulin, an dasa masa na wani, ga shi yana murmushi. Ka rubuta "Allahu Akbar" ka wuce. To wallahi daga nan ne ainihin wahalar take farawa.

Ana yin irin wannan tiyata ne ga wanda hanjinsa ya daina aiki har sai an riƙa ciyar da shi ta jijiya. Idan hakan ya daɗe, hanta ma takan lalace, sai ya zama dole a canja su tare. Likita Thomas Starzl na birnin Pittsburgh a Amurka ne ya share fagen aikin. A 1987 tawagarsa ta dasa wa wata yarinya 'yar shekara 3 gaɓoɓi biyar. Ta rayu kusan wata shida kafin rai ya yi halinsa.

Me ya sa abin ke da wuya haka? Hanji cike yake da ƙwayoyin cuta da kuma sojojin garkuwar jikin mai bayarwa. Jikin mara lafiya yana iya ƙin sabon hanjin, wani lokaci kuma sojojin da suka zo tare da hanjin su ne ke far wa jikinsa. Maganin tacrolimus, da aka fara amfani da shi wajen 1990, ya rage wannan matsala sosai. Sai dai shan sa har ƙarshen rayuwa ne, yana iya taɓa ƙoda, kuma yana buɗe wa cututtuka ƙofa, har da wani nau'in sankara.

Ga kuma jira. Sai an samu mamacin da jininsa da girman jikinsa suka dace, iyalinsa kuma suka amince. Wasu kan rasu suna kan layi. Waɗanda aka yi wa kuwa, kusan rabinsu ne ke kai shekara biyar.

Amma ga yaron da bai taɓa sanin ɗanɗanon abinci ba, ranar da ya fara ci da bakinsa ba ƙaramar rana ba ce. Idan ka sake ganin irin bidiyon nan, ka haɗa da yi masa addu'ar shekarun da ke gabansa.