Tsofaffin Baturan Motocin Lantarki da Rabon Jihar Diffa a Cikinsu

Duk wanda ya san ƙasar N'Guelbély, wadda ke cikin rairayin yankin Maine-Sorowa, inda makiyaya ke auna arziki da yawan bisashe da zurfin rijiya, zai yi mamaki in aka ce masa batun tsofaffin baturan motocin lantarki ya shafe ta, alhali kuwa motar ita kanta ba ta zama abin gani a can ba tukuna. Amma abin da zamani ya nuna shi ne kayan Turai da na Sin sun fi isowa gare mu bayan sun tsufa, kamar yadda motoci da firji da tufafin gwanjo suka iso, kuma babu wata alama da ke nuna cewa batir zai saɓa wa wannan al'ada. Saboda haka ya kyautu a yi nazarin al'amarin tun bai cika kasuwa ba.

Asalin maganar shi ne yawan da motocin lantarki suka yi a duniya, har an sayar da kimanin miliyan 17 a shekarar 2024 kaɗai, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Kowace mota daga cikinsu tana ɗauke da batir na litiyam mai nauyin ɗaruruwan kilo, wanda ƙarfinsa ke raguwa sannu a hankali, har in ya sauko zuwa kashi 70 ko 80 cikin ɗari sai mai mota ya ga ba ya kai shi nisan da ya saba, ya nemi sabo. Daga nan hanya biyu ce gaban tsohon batirin: ko dai a niƙa shi a masana'anta, a fitar da litiyam da kobalt da nikel da tagulla don a ƙera wani, ko kuwa a ajiye shi wuri guda ya riƙa tara wutar hasken rana, aikin da ba ya bukatar ƙarfi irin na tuƙi. An jarraba hanya ta biyu a filin ƙwallo na Johan Cruijff da ke Amsterdam tun 2018, inda aka haɗa sababbi da tsofaffin baturan motar Nissan Leaf suka zama rumbun wuta.

Dalilan da za su jawo waɗannan batura zuwa gare mu uku ne. Na farko bukata, domin ko da yake daga Agadem ta jihar Diffa ake haƙo man da ake tacewa a Damagaram tun 2011, yawancin ƙauyuka da rugage ba su da wuta face ta allon sola da tsohon batirin mota. Kuma lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agusta na 2023, mutanen birane ma sun gane cewa dogaro da layin waje ba tabbas gare shi ba. Manoman tattasai na bakin kogin Komadugu sun riga kowa sanin haka, tun da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana hawan babur, ta tsananta sha'anin man fetur, ta kuma tsayar da cinikin tattasai har zuwa 2017, sai injin ban ruwa ya zama nauyi a kan mai shi. Na biyu kusanci, domin Maiduguri, wadda ta daɗe tana kasuwanci da Diffa, ta fara ganin motocin haya na lantarki, waɗansu na injiniya Mustapha Gajibo ne, waɗansu kuwa gwamnatin Borno ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, kuma nan da 'yan shekaru baturansu za su nemi mai saye. Na uku, wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne masu ƙera motoci sun karkata ga wani nau'in batir da babu kobalt ko nikel a cikinsa, wanda niƙa shi ba ya kawo riba mai yawa, don haka ɗan kasuwa zai fi son ya tura shi ƙasar da ba a tsananta bincike, da sunan kayan da ake sake amfani da su.

Ba daidai ba ne a musanta alherin da ke cikin wannan. Batirin litiyam, ko da tsoho ne, in dai lafiyarsa ƙalau, ya fi batirin dalma juriyar cikawa da zuƙewa kullum, ba ya kuma bukatar a riƙa ƙara masa ruwa. Da shi ɗakin shan magani na karkara zai iya sanyaya allurar rigakafi da haska ɗakin haihuwa cikin dare, ɗalibi ya yi muraja'ar karatunsa bayan isha'i, makiyayi ya cika wayarsa ya ji farashin dabbobi kafin ya kora su kasuwa, mai lambu kuma ya yi ban ruwa da asuba kafin rana ta ɗaga. Wanda ya hana talaka wannan sauƙi saboda tsoro kawai bai yi masa adalci ba.

Sai dai illar ma ba ƙarama ba ce, kuma muna da izina a kan batirin dalma da muka daɗe da shi. Idan ya mutu, 'yan gwangwan ne ke sayensa, a zubar da ruwansa a ƙasa, a fasa shi, a narka dalmar a fili, ƙurarta ta shiga abinci da jinin yara. A Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda wannan sana'a. A Zamfara kuwa, ko da yake daga duwatsun zinariya dalmar ta fito, gubar guda ce, ta kashe yara kimanin 400 a 2010. Batirin litiyam nasa haɗarin dabam ne: in ya huje, ko ya yi zafi fiye da kima, ko aka cika shi ba tare da na'urar da ke tsare shi ba, yakan kama wuta mai wuyar kashewa da hayaƙi mai guba. Ƙasar da zafinta ke wuce digiri 40 a bazara, wadda yawancin ɗakunanta na karkara zana ce da itace, tana gaggauta tsufan batir, tana kuma ninka hasarar gobara. Bayan haka, idan ya mutu mutuwa ta biyu, babu masana'antar da za ta karɓe shi a kusa, sai ya zauna a bola ko bakin kogi, inda ambaliyar Komadugu za ta iya tarar da shi.

Malaman fiƙihu sun hana cinikin da ke da garari, watau wanda mai saye bai san haƙiƙanin abin da ya saya ba, sun kuma wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa. Tsohon batir kuwa aibinsa a ciki yake, ido ba ya ganinsa, sai an auna. Dokokin zamani ma sun bi wannan tafarki. Bayan sharar guba da aka jibge daga Italiya a garin Koko na Nijeriya a 1988, an ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, sa'an nan ƙasashen Afirka suka yi ta Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai haɗari cikin nahiyar. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da ta ɗora wa mai ƙera batir alhakin karɓarsa in ya ƙare, ta kuma shar'anta cewa daga 2027 kowane batirin motar lantarki zai kasance da takardar shaida mai bayyana tarihinsa. Ba ya kamata nahiyar da ke ba duniya mafi yawan kobalt daga Kongo, da litiyam daga Goulamina ta Mali da jihar Nasarawa ta Nijeriya, ta sayar da ma'adini da araha, sa'an nan ta karɓi ragowarsa ba tare da sharaɗi ba.

Idan aka ɗora amfani da illa a kan mizani, abin da ya bayyana shi ne a karɓa, amma bisa sharuɗɗa. Kada kwastan su bar batir ya shigo sai da shaidar awon sauran ƙarfinsa. Duk ɗan kasuwa ko ƙungiyar agaji da ta kafa sola a ƙauye ta ɗauki alkawari a rubuce cewa za ta kwashe batirin ranar da ya mutu. A koya wa samarin Diffa da Maine-Sorowa masu gyaran waya da sola yadda ake auna batir da haɗa shi, a ware wurin tara matattu nesa da gidaje da rijiyoyi, limamai da hakimai da gidajen rediyo kuma su faɗakar da jama'a cewa fasa batir cikin gida cutar da iyali ne. Fara wannan tsari da baturan dalma da suke hannunmu yau shi ne mafi dacewa, domin hukumar da ta iya tattara su ita ce za ta iya tsare mutanenta ranar da na litiyam suka yawaita. Allah ya ba shugabanni basirar yin rigakafi a kan kari.